Jakin da Ya Kai Mu Ƙara

Hutun ƙarshen shekara na lakwal a Nijar, wanda muke kira bakansi, wata uku ne cur: Yuli, Agusta da Satumba. Duk wanda ya tsara shi, ɗan manomi ya tuna, wanda zai ajiye littafi ya ɗauki hauya. Bai tuna da irinmu ba, 'yan unguwar Zariya ta Maraɗi, da ba mu da gona ba mu da akuya, sai ƙarfi da yunwa da lokaci. Matashin da ba shi da aikin yi tun daga karin kumallo har magariba annoba ne ga unguwa: kajin maƙwabta ba su da kwanciyar hankali, gilashin taga ba shi da tabbas, ɗanyen mangwaro ma da ya rage a bishiya sai Allah ya tsare.

Amma iyayenmu suna da magani. Tun da ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin da ke cikin fadama aka hauro da shi tudu, Maraɗi take ta faɗi, sai dai kusan kowane gida yana da igiyar da ke ɗaure a wani ƙauye. Saboda haka babbar barazanar uba ita ce: "Wallahi zan tura ka ƙauye." A gidanmu barazanar ta tabbata a 1994.

Shekarar tana da dalilanta. A watan Janairu aka karya darajar kuɗin sefa, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ke shigowa daga waje ya yi tsalle, shinkafa ta zama ta baƙi. Sannan a watan Yuni aka yi gasar cin kofin duniya a Amurka, muka cika gidan wani maƙwabci mai talabijin muka ga Rashidi Yekini ya jefa wa Bulgeriya ƙwallo, ya shiga raga ya riƙe yana kuka. Daga ranar kowane yaro a Zariya ya zama Yekini, kowace katanga ta zama raga. Da ƙwallon tsumma tamu ta faɗa tukunyar miyar wata maƙwabciya, babana ya yi lissafi biyu a lokaci ɗaya: ga baki uku da za a rage wa buhun shinkafa, ga zaman lafiya da maƙwabta. Aka haɗa mu, ni da ƙanena Auta da ɗan baffana, aka sa a mota zuwa Tibiri wurin kakanmu.

Ɗan baffan nan nawa ba zan faɗi sunansa ba, don yanzu alhaji ne mai shago da surukai. A lokacin muna ce masa Janar, saboda duk wata ɓarna shi ke tsarawa, kuma idan ta ɓaci shi ke fara gudu. Ya fi mu Faransanci, kuma ya yi imani duk wanda bai iya shi ba bai san komai ba.

Tibiri kilomita goma sha biyu ne ko kusa da haka daga Maraɗi, amma a wurinmu wata duniya ce. Gari ne na Gobirawa, wanda suka kafa a wajajen 1836 bayan sun rasa Alƙalawa, ga fadar Sarkin Gobir, ga gidan Inna da labaran bori da ake ba mu tsoro da su tun muna ƙanana. Kakanmu dogo ne siriri, da tsagen Gobirci har kunne, da ƙafa mai faso da ƙaya ke jin tsoro. Ya dube mu daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan takalman robarmu, ya ce wa kakarmu: "Ga mazanki nan sun zo daga birni. Tambaye su, ban da ci, mi suka iya?"

Janar ya ce mun iya lissafi da Faransanci. Tsoho ya ce madalla, gobe za a gwada su a kan haki.

Washegari aka ba ni hauya. Abin da ba a koya mana a lakwal ba shi ne, hatsi idan yana ƙarami shi ma ciyawa ne a idon wanda bai san shi ba. Na duƙa na yi aiki da zuciya ɗaya, na share layi guda tas, na bar wasu tsirrai masu kyan ganye da na tabbata su ne amfanin. A hanya na ci karo da wasu 'yan itatuwa masu ƙaya, na ce waɗannan ai ƙazanta ce, na sare. Da Kaka ya iso ya daɗe yana kallo, sannan ya kira manoman gonakin kusa su zo su ga ikon Allah. "Ku dubi aikin ɗan lakwal," in ji shi. "Ya kashe hatsi, ya yi wa haki maimai."

Hatsin ya yafe. Itatuwan ne bai yafe ba, don 'ya'yan gawo ne da yake reno. A shekarun nan ana ta yaɗa sassaben zamani a ƙasar Maraɗi, wato manomi ya bar tohon kututture ya gyara shi ya zama itace, maimakon ya sassabe komai ya ƙone. Wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara wa'azinsa a 1983, yunwar shekarar da ta biyo baya ta sa mutane suka saurara. Kakanmu kuwa ba ya yarda a ce Bature ya koya masa. Ya ce tun kakanninsa an san gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, kuma hatsin gindinsa ya fi na ko'ina. Abin da bai taɓa gani ba kawai shi ne jikan mutum ya zo daga birni takanas don ya sare masa shi.

Da yamma tsofaffin unguwa sukan taru a gindin wani dogon-yaro, mu kuma mu rakuɓe muna saurare. Ba sa ƙirga shekaru da lamba. Za ka ji an ce wance an yi aurenta lokacin da gujiya ke gujiya, ana layi da buhuna ana awo, wane kuma an haife shi shekarar El Buhari, yunwar 1984 da ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Kowannensu yana da hanyarsa ta sanin ruwa: wannan gwiwarsa, wancan tururuwa, wani kuma iskar da ta taɓa masa kunne. Idan aka yi ruwan, duk su ce sun faɗa. Idan ba a yi ba, su ce an yi shi a Madarumfa. Janar yana toshe baki yana dariya, yana raɗa mini cewa waɗannan mutane ko sunan gajimare ba su sani ba.

A cikinsu akwai wani tsoho da bai cika magana ba, abokin Kaka tun na yarinta. Gajere ne, mai fararen gira, kullum da ƙullin taba a leɓe. Yaran gari suka gaya mana gonarsa kafaffiya ce. A tsakiyarta akwai ƙahon akuya rataye a jikin wani itace, kuma duk wanda ya shiga da niyyar sata ba zai ga hanyar fita ba sai mai gona ya zo ya sallame shi. An ce wani ya taɓa kwana biyu a ciki, wasu suka ce bakwai. Ko akuyar gari, in ji su, idan ta zo bakin gonar sai ta yi sallama ta wuce.

Janar ya saurari wannan labari da kunnen ɗan kasuwa. Gonar da kowa ke tsoro, gona ce da ba mai tsaro. Kuma ya riga ya leƙa, ya ga a tsakiyar hatsin an shuka gujiya, ta yi yabanya shar. Lissafinsa mai sauƙi ne: mu tuge buhu guda, mu dafa da gishiri, mu faki ido mu shiga Maraɗi ran kasuwa, Litinin ko Juma'a, mu sayar, mu sayi ƙwallon fata ta gaske. Na ce kafin fa? Ya ce mushenmu, wato malaminmu na kimiyya, ya taɓa kawo kafi a jarrabawa? Na ce a'a. Ya ce to abin da ba ya zuwa a jarrabawa babu shi.

Daminar 1994 ta yi ruwa sosai, Gulbin Maraɗi ya cika ya batse, hatsi ya yi tsawon da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Na tsohon nan kuwa zango ne, mai dogon kara da dogon kai, ya wuce tsawon babban mutum da hannunsa a miƙe. Muka bari sai bayan azahar, manoma sun koma gida shan fura, muka saci buhun Kaka muka shige. Muka wuce ƙahon, yana lilo a hankali. Janar ya tsaya ya sara masa irin ta soja, ya ce masa "bonjur". Auta bai yi dariya ba.

Tugar gujiya a jiƙaƙƙen rairayi daɗi gare ta. Ka kama gindi ka ja, ta taso da 'ya'yanta reto-reto, ga ƙamshin ƙasa. Muka yi ta tsinka muna zubawa, muna ci muna tofarwa, muna gardamar wanda zai fara buga ƙwallon. Ba mu ankara ba hadari ya haɗo daga gabas, rana ta ɓace, iska ta fara kaɗa hatsi. Muka ɗaure buhu, Janar ya nuna da yatsa ya ce nan muka shigo.

Muka yi ta tafiya, kara a gaba, kara a baya, ganye yana yankar fuska, ƙaiƙayi yana shiga wuya. Can sai muka fito wani fili, muka ga tarin ganyen gujiya da wasu marasa tsoron Allah suka tuge. Muka duba da kyau, namu ne. Janar ya ce kuskuren lissafi ne, ya juya mu wani gefen. Muka sake tafiya, muka sake fitowa, ga ganyenmu, ga ƙaho yana lilo. Auta ya fashe da kuka, ya ce shi dama bai ci da yawa ba. Ni na kama karanta duk surar da ta zo bakina, ina haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan. Aka yi wata tsawa. Na waiga in tambayi Janar abin da kimiyya ta ce, na same shi ya cire riga ya mayar da ita baibai, don ya taɓa jin an ce haka ake karya makuwa. Sannan ya durƙusa gaban ƙahon ya fara ba shi haƙuri, da Hausa tsantsa, ba kalmar Faransanci ko ɗaya.

A cikin wannan hali muka ji kukan jaki. Ban taɓa jin murya mai daɗi irin wannan ba. Muka bi ta a guje, muna jan buhu, sai ga mu a bakin gona, ga jaki ɗaure a turke, ga hanya. Nan take Janar ya gyara riga ya dawo Janar. Ya ce bai faɗa ba? Babu wani kafi. Kuma tun da Allah ya kawo abin hawa, wauta ce mu ɗauki buhu a ka. Za mu ari jakin, mu zagaya ta bayan gari mu ɓoye kayan a wani kango, mu sake shi ya koma.

Muka aza buhu, muka aza Auta, ruwa ya kece. Jakin ya kama hanya ba gardama, har muna yaba hankalinsa. Da muka zo mararraba Janar ya ja shi hagu, jaki ya yi dama. Muka ja igiya mu biyu, ya ja mu. Muka doke shi, ya ƙara sauri. Auta yana bisa yana ihu a sauke shi, mu muna biye muna zamewa cikin taɓo, ba damar sakin igiya don ɗan'uwanmu da dukiyarmu suna kai. Haka ya ratsa da mu tsakiyar gari, mutane suna fake a zaure suna kallo, ya karya wata kwana, ya kutsa wani gida, ya tsaya cak a gaban wata rumfa, ya girgiza kunne.

A cikin rumfar, zaune a kan buzu, tsohon nan ne mai fararen gira.

Ya dubi jaki, ya dubi buhu, ya dube mu. Ya juya tabar da ke bakinsa ya tofar a gefe. "Sannunku da aiki, samari," in ji shi. "Yanzu nike cewa wa za ya kwanto mini dabbar ga cikin ruwa. Allah shi yi muku albarka. Har da kaya kuka ɗauko mini?"

An ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mu ko ɗaya daga cikin dubun ba mu samu ba.

Da ya zage mu ko ya ɗauko bulala, da mun ji sauƙi. Sai ya kira matarsa ya ce a kawo wa baƙi fura, a ba ƙaramin zane ya lulluɓa. Muka zauna muna sha, tana wucewa da ƙyar. Ya kwance buhun, ya ɗauki gujiya ɗaya ya ɓare da babban yatsa, ya kawo ta dab da idona. "Dubi cikin ɓawon. Wane launi?" Na ce fari, Baba. Ya ce wadda ta nuna, cikin ɓawonta yakan yi duhu-duhu, ƙwayar ta cika ɗakinta. Ya matse ƙwayar, ruwa ya fito. "Wagga saura mata kwanaki. Da kun kai ta kasuwa, ko kyauta ba mai amsa. Satar ba ta ba ni haushi ba kamar rashin sanin. Ɗiyan wane gida na ku, da ba a koya muku ko nunar gujiya ba?" Ya san gidan sarai. So yake mu faɗa da bakinmu.

Da ruwa ya ɗauke ya sa mu gaba, buhu a kan Janar, har gindin dogon-yaro. Ranar majalisa ta cika, har da waɗanda ba su saba zuwa ba. Kaka ya saurari ƙara, ya ce shi buhunsa kawai yake so a mayar masa, sauran kuwa ba jikokinsa ba ne, na kakarsu ne. Aka yanke hukunci: za mu yi wa tsoho tsaron tsuntsu har hatsi ya isa yanka, kuma idan gujiyar da ta rage ta nuna, mu za mu tuge ta, tun da mun nuna muna da hannu.

Tsaron tsuntsu aiki ne da ake farawa tun da asuba. Ana ja igiya a gona a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, kai kuma kana kan wani dandamali kana girgizawa kana ihu kana wurga majaujawa, har murya ta dushe. A nan na saba da tsohon, har wata rana na yi ƙarfin hali na ce: "Baba, don Allah mene ne a cikin ƙahon nan?" Ya kai hannu ya sauko da shi, ya zare tsumman da ya toshe bakin, ya zazzage a tafin hannu. Garin taba ne da ɗan kanwa. Ya ce ya gaji da mantuwa da ita a gida, shi ya sa ya rataye ta inda ruwa ba ya shiga. Mutane suka gani suka ce kafi ne, shi kuwa bai ga dalilin da zai ƙaryata jama'a ba.

Na ce to me ya hana mu fita? Ya ce wanda ya shiga hatsin da ya fi shi tsawo, rana ta ɓace, kuma zuciyarsa ba ta da gaskiya, me zai fitar da shi? Da mun dubi ƙasa mun bi layin shuka ɗaya ba mu sake shi ba, da ya kai mu bakin gona. Ya ƙara da cewa tun ranar da Janar ya zo leƙe ya san da zuwanmu, don a duk Tibiri ba mai sawun takalmi irin namu. Na tambaye shi ko da gangan ya bar jakin a wurin. Ya mayar da tabarsa cikin ƙaho, ya ce in koma, tsuntsaye sun sauka.

Bayan mun gama biyan bashi, Kaka ya ce Tibiri ta ɗauki rabonta, saura dangin uwa. Aka sa mu a mota zuwa Jiratawa wurin kawunmu. Motar ta ratsa ta cikin Maraɗi, muna hango hanyar gida, ba a bar mu mun sauka ba. Jiratawa kuwa ba ta san hutu ba, don tun farkon shekarun 1980 aka yi mata filin noman ban-ruwa na sama da hekta 500, da injinan jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa da magudanan siminti, kowane manomi da ranar ruwansa. Labarinmu ya riga mu isa. Duk tsohon da muka gaisar sai ya ce: "Lafiya lau, ina jakin?"

Kawu ya ba mu aikin da ya ce ko makaho zai iya: idan ruwa ya iso, mu buɗe bakin fangalin zogalensa mu toshe na gaba. Janar ya tsaya ya yi nazarin magudanar, ya ce waɗanda suka gina ta ba su san gangare ba, ya buɗe inda iliminsa ya nuna masa. Muka tafi buga ƙwallon tsumma. Da yamma wani tsoho maƙwabcin kawu ya zo har gida da sallama, ya ce ya zo godiya, rabon da barkononsa ya sha ruwa irin na yau har ya manta. Kawu bai ce komai ba. Washegari da sassafe ya kai mu tasha da kansa, ya biya kuɗin mota, ya tsaya har ta tashi.

Da aka koma lakwal a watan Oktoba, sai ga saƙo daga Tibiri: tiya uku ta gujiya busasshiya, in ji tsoho, ladan masu tsaron tsuntsu. Muka fara lissafin ƙwallo. Innarmu ta karɓe, ta soya, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, kuɗin ya tafi sayen littattafan rubutu. Janar bai sake gaisar da ƙaho ba, kuma har gobe idan ya ga jaki a hanya yakan tsallaka ɗaya gefen.

Yau gari ya bi gonakin da ke bayan Zariya ya yanka su filaye, yaran unguwa kuma suna cinye bakansi a kan waya, ba su san ko gujiya a sama take 'ya'ya ko a ƙasa ba. Iyaye, idan kuna da sauran tsoho a Tibiri ko Jiratawa ko wani ƙauye, ku tura masa su tun yana da rai, za su dawo da kanta a hannu da ɗan hankali a ka. Sai dai kafin su hau mota ku gaya musu abin da mu ba a gaya mana ba: jakin da ka tarar ɗaure a bakin gona, na mai gonar ne.